Dutsen Da Na Mayar Cikin Ƙasa

Daga rumfar ɗinki, kasuwar Bodinga.

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, ba wanda ya taɓa maka kaya a tasha, kuma abokin nan naka da ya ce zai nema maka aikin masaƙa ya tarbe ka kamar yadda ya yi alkawari. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon gari.

Na san a aljihun ciki na sabuwar rigarka ka tsince ta, don ni na ɗinke bakin aljihun da farin zare mai sauƙin tsinkewa. Za ka ce me ya hana tsohon nan ya faɗa mini da baki, ga shi mun kwana uku muna shirin tafiya tare. Tsoro ne ya hana ni. Sau uku ina kiranka zaure, sau uku ina ɓigewa da zancen takalmi da kuɗin mota. To ga maganar, kada in sake kewaye ta. Akwai ƙasar da ba tawa ba a hannuna. Kwarin yamma na gonarmu ta Horo Birni, taku goma sha biyu daga kututturen ƙirya zuwa inda muke cewa iyaka, ba namu ba ne, na gidan Bappa Isa ne, ƙanen mahaifina. Ina son ka dawo kafin ruwan farko ya sauka, mu mayar musu da abinsu ni da kai. Sauran abin da ke cikin takardar nan bayani ne na irin uban da Allah ya haɗa ka da shi, don ka gane yadda aka yi, kuma kada ka gaji halin.

Kai ka san ni da sallah a kan lokaci, ka san ni da mayar wa mai yadi ƙyallensa ko da bai kai tafin hannu ba. Teloli 'yan'uwana har tsiya suke yi mini, wai Umaru zai mutu bai tara ƙyallen da zai yi wa jikansa hula ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma ina son ka riƙe shi. Amma akwai halin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi mini kara: bakina ba ya iya cewa "ban sani ba". Na gwammace in ɓata da in tambayi hanya.

Tun ina sabon shiga ɗinki wani malamin makaranta da aka turo Bodinga ya kawo mini yadi mai tsada, ya ce kwat yake so irin ta ma'aikata, ko na iya? A lokacin ko taɓa kwat ban taɓa yi da hannuna ba. Na ce masa ai ita ce sana'ata. Abin da na ɗinka masa, hannu ɗaya ya wuce yatsu, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu, wuyan kuma ya tashi har kunne. Bawan Allah ya saka, ya dubi kansa, ya dube ni, ya cire ya ajiye mini a kan keke ya tafi. Kasuwa ta yi wata guda tana dariya, ni ma daga baya na riƙa ba da labarin ana dariya. Da na san inda halin zai kai ni, da ban yi dariyar ba. Saboda haka in sun tsayar da kai gaban inji a masaƙa suka ce ka iya, ka ce ba ka iya ba, a nuna maka. Injin can ba yadin malamin makaranta ba ne, na ji an ce yana cire wa mutum yatsu, kuma ba na son a dawo mini da kai da hannu a naɗe.

Na biyu ya fi wannan muni. Ka san tun da farar hula suka hau mulki sunan Shagari ya yi tsada a bakin mutane. Shekara uku da suka wuce na je Kano sayen allurai da bel ɗin keke. A mota wani dattijo mutumin wajen Funtuwa ya tambaye ni daga ina, na ce daga ƙasar Shagari. Nan take ya gyara zama, ya ba ni goro, ya fara kirana Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ya ce yana da ɗa ya gama makaranta ba aiki, ko na san wani babba? Abin da ya kamata in ce shi ne, ni tela ne, babban da na sani shi ne sarkin kasuwa. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Bayan wata biyu ina zaune a rumfar nan sai ga shi da ɗan nasa, da zakara biyu, da takardun makaranta a cikin leda. Ya ga rumfar, ya ga keken, ya ga ni da zare a baki, amma bai yanke ƙauna ba. Kwana uku na riƙe su a gida ina fita da safe wai na tafi ganin mutane, alhali bayan masallaci nake zuwa in zauna. Na sallame su da cewa za a ji. Har yau in na tuna yadda yaron nan ya durƙusa yana yi mini godiya sai in ji abinci ya fita raina.

A Kaduna za su tambaye ka, kuma za su gyara zama kamar yadda dattijon nan ya yi. Ka ce musu ubanka tela ne, kakanka manomi, ba ku san kowa ba. Kada ka ci ko ƙwayar goro da sunan garinmu. Kuma ina jin abin da mutane ke faɗa a layin sabulu da na shinkafa, ina jin yadda ake ambaton sunan yanzu da haƙora a cije. Abubuwa na iya juyawa, ranar da sunan zai zama abin zagi na iya zuwa. In ta zo, kada ka ce kai mutumin wani wuri ne. Ba mu ci da sunan ba lokacin daɗi, ba za mu gudu daga gare shi ba lokacin wuya. Ka dai kama bakinka a wajen gardamar siyasa, ba na son a fasa maka kai saboda mutanen da ba su san an haife ka ba.

Ni kam ka san ba na iya rayuwa a wani wuri. Sau ɗaya na je cin rani Ibadan ina saurayi, wata biyu na yi na rame kamar mai jinya, ba don ba abinci ba, tuwon ne kawai ba ya wucewa. Ko nan Bodinga da nake ɗinki shekara da shekaru, baƙo nake jin kaina, sai na sauka a Shagari na kama hanyar Horo Birni da ƙafa, na fara jin ana ce mini "Umaru, an iso?" sannan numfashina ke daidaita. Na san kowace tsamiya a hanyar nan, na san gonar da ke riga kowa fitar da kai, na san rijiyar da ruwanta ke da zartsi. A can aka binne cibiyata, a can nake roƙon Allah a binne ni. Ina faɗa maka wannan ne don ka gane cewa ba ƙin gida ya kai ni ga abin da na yi ba, son gida ne da ya wuce wuri. Ina son ƙasar nan har na kasa bambanta tawa da ta wani.

Ga yadda aka yi. Kakanka da Bappa Isa, da suka raba gandun ubansu, sun yi abin da mutanen da ke yi: suka shuka gamba a kan iyaka, sannan suka binne rabin dutsen niƙa a ƙasa, don ciyawa na mutuwa amma dutse na nan. Bappa Isa ya riga rasuwa, ya bar ɗansa Mamman yana ƙarami. Shekarar da na sayi keken nan, ana saura kwana goma sallah, ina ɗaure kaya zan taho Bodinga, kakanka ya fito da sandarsa ya ce, "Umaru, aje keken ga naka ka taho mu zagaya gona. Akwai dutsin da munka binne ni da Isa, in gwada maka wurin tun ina da ƙahwa."

Hankalina na kan ɗinkin sallah. Na ce, "Haba Baba, ai na san wurin."

Ya ce, "Wa yag gwada maka?"

Na ce, "Kai mana, tun ina yaro."

Ya tsaya yana kallona, don ya san bai taɓa nuna mini ba. Sannan ya ce, "To, tunda ka sani." Ya koma zaure. A ranin shekarar nan ya rasu.

Bayan shekara biyu aka yi babban farin nan da ka ji ana labari, kana ɗan shekara tara ko goma. Gamba ta bushe, dabbobi suka cinye har saiwa, iyaka ta shafe. Da ruwa ya dawo, ni da Mamman muka tashi shuka, sai gardama. Shi ya ce iyaka na wajen ƙirya, ni na ce tana can gaba, bayan kwari. Kwarin nan kuwa ka san shi, nan ruwa ke kwanciya, nan ne idon gonar. Maigari ya zo da liman da dattawa har gona. Ya tambaya ko akwai wanda ya san wata alama da magabata suka bari. Mamman bai san da dutse ba. Ni na sani, amma in na ambace shi za a ce ina yake, in ce ban sani ba, a ce ashe tsohonka bai nuna maka ba, in ce ya kira ni na ƙi zuwa. A gaban mutane. Sai na yi shiru.

Mamman ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai ina yaro tsohona ya ce min ƙiryag ga ita a iyaka. Amma in Umaru na iya dahwa Alƙur'ani, na bar mai."

Na yi alwala da butar liman. Kafin ya miƙo mini Littafin ya rage murya ya ce, "Umaru, ƙasa ta hwa. Ka sani, ko zato kakai?"

Bello, Allah ya buɗe mini ƙofa a nan, na ƙi bi. Na ce na sani. Na dafa.

Mamman ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Abin da ya rage masa jigawa ce tsantsa, ba ta ciyar da gida. Bayan damina biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Dandin Mahe wurin surukansa. Ya rasu shekara uku ke nan. Na je ta'aziyya, na zauna a can baya, na kasa haɗa ido da matarsa. Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa wataƙila zaton nawa daidai ne. In wani ya ce ka rantse a kan abin da kake zato kawai, ko da za a yi maka dariya, ko da za ka rasa aikin, ka janye hannunka. Dariyar mutane kwana biyu ce, ni ga shi shekara goma ina fama.

To bana da bazara, kafin shuka, innarka ta dame ni da ƙorafin itacen girki, na ɗauki gatari da diga na je tonon kututturen ƙiryar nan, tunda ta daɗe da mutuwa. Ban yi zurfin kamu uku ba diga ta yi ƙara. Na sa hannu na share ƙasa. Rabin dutsen niƙa ne, a tsaye, an kafa shi da gangan, bakinsa na duban gabas. Daidai inda Mamman ya ce. Na zauna a bakin ramin, rana na dukana ina jin sanyi. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Ka san abin da ubanka mai mayar da ƙyalle ya yi? Na mayar da ƙasa na rufe, na tattake, na jawo ƙaya na ɗora a kai. Na dawo gida na ce wa innarka kututturen ya fi ƙarfina. Da ruwa ya sauka kai da kanka ka riƙe sungumi ina bin ka da iri, muka shuka kwarin har bakinsa.

Sauran ka sani. Ruwa ya ɗauke gero na bununi, tudu duk ya ƙone, gonar nan gaba ɗaya ba inda ya yi sai kwarin. Abin da ke cikin rumbunmu yau, wanda innarka ke aunawa da tsoro don ya kai mu damina, daga ƙasar marayun Mamman ya fito. Shi ya sa da za a daka maka guzuri na je kasuwa na sawo gero. Innarka ta ce, "Malam, gero na rumbu ka tahi kasuwa ka sawo wani, ga tsadag ga? Mi yas samu namu?" Na ce wannan ya fi fari. Ta dube ni ta ce, "Kai dai akwai abin da kaka ɓoyo." Na kasa yarda ka kama hanya mai nisa da hatsin nan a cikinka, ina tsoron abin da zai same ka a kai.

Makon jiya ranar kasuwar Bodinga Garba ya zo rumfata, babban ɗan Mamman, wanda har yanzu yake takowa daga Dandin Mahe yana noma jigawar ubansa. Awakinsa biyu ya kawo sayarwa, masu ciki. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Bappa, ina wuni?" Ya miƙo mini riga ta yage a kafaɗa in kama masa. Ina ɗinki yana ba ni labari, ya ce, "Bana dai ko iri ban tsira da shi ba. Amma na ga kwarinku ya yi, Allah shi ƙara albarka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba habaici. Allura ta shige mini yatsa ban ji ba sai da na ga jini a rigarsa.

Ina tsoro, Bello. Ina tsoron mutuwa ta riske ni da ƙasar nan a wuya, ka ji abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, ni kuwa taku goma sha biyu ne, da rantsuwa a kai. Ina tsoron in mutu ka gaje ta ba ka sani ba, ka ciyar da 'ya'yanka da ita. Ina kuma tsoron ɗaya gefen, ba zan ɓoye maka ba: in mun mayar da kwarin, kuma baɗi ta zo irin bana, ban san abin da innarka da ƙannenka mata za su ci ba. Kai ka zuba takin nan, kai ka yi noman, gadonka ne zai ragu, shi ya sa ba na son in yi ba da saninka ba. Sannan ina tsoron ranar da zan tsaya gaban maigari da liman, limamin nan dai yana raye, in ce na yi ƙarya da Littafin Allah a hannuna. Bayan ranar ban san ko wani zai sake ba ni yadinsa ba.

Ka roƙa mini gafara wurin Allah, kai ma ka yafe mini abin da na ciyar da kai. Kada ka gaya wa innarka a takarda, ni zan gaya mata, in na samu baki.

Za ka ce tunda na gane, me zai hana in je yau in tono dutsen in kira Garba? Na gwada. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai har ƙofar gidan maigari, na yi sallama, aka amsa, na gaishe shi, na tambayi lafiyar ƙafarsa, na tashi na fito. Na san kaina yanzu, abin da ban yarda na sani ba shekara hamsin. Ni kaɗai ba zan iya ba. In kana tsaye a gefena ka riga ka karanta takardar nan, ba ni da wurin gudu, don ba zan iya yin ƙarya a gaban wanda ya san gaskiyar ba.

Don haka ko ka samu aikin ko ba ka samu ba, ko sun ba ka hutu ko sun hana, da ka ga zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa gira, ka hau mota. Kada ka jira albashin ƙarshen wata, kada ka ce sai an yi ruwa ɗaya tukuna. In kuwa ka zo ka tarar an riga an kai ni, kada ka bari karɓar gaisuwa ta hana ka. Ka ɗauki diga, ka kira Garba da maigari da liman, ka tona a gindin ƙirya ta gefen gabas. Ka ce musu ubana ya yi ƙarya. Da wannan kalmar za ka faɗa, kada ka gyara mini ita, kada ka ce ya yi kuskure ko ya manta.

Duk ƙasar nan, daga Bodinga har Mandera, ba abin da ake roƙo a masallaci sai Allah ya kawo damina da wuri, ya fitar da mu daga wannan shekara. Ina ɗaga hannu tare da su, ina cewa amin. Amma tun da aka haife ni ban taɓa tsoron ruwan sama ba sai bana. In ya sauka ba ka nan, ƙasa ta jiƙe, na ji ƙamshin nan, na dubi rumbu ya kusa ƙarewa, wallahi na san abin da zan yi. Zan ɗauki iri in tafi kwarin, in sake shuka shi.

Ka riga ruwa zuwa, ɗana.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka halal ko kaɗan ce, ya raba ka da halin ubanka, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Innarka na gaishe ka, ƙannenka na gaishe ka. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Tela.